Awa Nawa Ne Daga Birnin Kebbi Zuwa Jidda?

Wani dattijo daga Ngaski, wanda ya biya kuɗin kujerar aikin hajji, ya tare ni a Yelwa da wannan tambaya. Ba son sani kawai ya sa shi yin ta ba. Yana fama da ciwon sukari, yana so ya san yadda zai tsara cin abinci da shan magani.

Amsar da ke kan taswira mai sauƙi ce. Daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa zuwa Jidda kimanin kilomita 3,800 ne idan aka miƙe. Babban jirgin fasinja kan ci kilomita 850 ko kusa da haka a awa guda, don haka idan aka haɗa da tashi da sauka, tafiyar ba ta wuce awa biyar da yawa ba. Agogon Saudiyya kuma yana gaban namu da awa biyu. Wanda ya tashi ƙarfe goma na dare zai tarar da biyar na asuba a can, ya ɗauka awa bakwai ya yi a sama, alhali biyar ce.

Sai dai jirgi ba ya bin layin da ɗalibi ya ja da rula. Wannan miƙaƙƙen layi ya ratsa kudancin Nijar da Chadi, ya keta Sudan, sannan ya haye Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu, 2023, aka rufe sararin samaniyar Sudan ana dab da jigilar alhazai. Dole jirage suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙaru da kusan awa biyu, mai ya ƙaru, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi. Abin lura shi ne, ta wannan ƙasa kakanninmu suka bi da ƙafa da jakuna, wasu suka yi shekaru suna noma a hanya kafin su kai gaɓar teku, wasu ma can suka zauna har yau. Sudan ba ta taɓa fita daga lissafin hajjin Bahaushe ba.

Duk da haka, wannan ba shi ne babban abin da dattijon yake bukatar ji ba. An yi alfahari, kuma ya dace, da jirgin farko na alhazan Najeriya na 2024 ya tashi daga Birnin Kebbi a watan Mayu. Amma ga mutumin ƙasar Yauri tafiya ba a Ambursa take farawa ba. Wanda ke zaune a tsibiran tafkin Kainji sai ya shiga kwale-kwale, ya sauka a Yelwa, ya hau mota ta Koko da Jega, kusan kilomita 200. Bayan nan ga zaman sansani, ga awon kaya, ga tantance fasfo, ga jiran jirgin da kan sauya lokaci ba tare da dogon bayani ba. Waɗannan awanni sun ninka na sama, kuma a cikinsu ne tsofaffi suke galabaita.

A ganina, masu bitar alhazai sun fi ba da ƙarfi ga hukunce-hukuncen ihrami da ɗawafi, wanda wajibi ne, suna barin wannan lissafi. Kamata ya yi a faɗa wa kowane maniyyaci tsawon tafiyarsa daga ƙofar gida zuwa masauki, da hanyar da jirgin zai bi a shekarar.

Na ce wa dattijon ya tanadi maganin kwana uku a jakar hannu, kada ya kuskura ya zuba shi a babban akwati, ya kuma ga likitansa kan yadda zai daidaita lokacin sha da agogon can.