Iskar da ba ta wari



Akwai wata guba da ke yini tare da ku wurin aiki. Nasara na ce mata kabon monoksid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Duk inda gawayi, itace, ɓawon gyaɗa, esansi ko gazuwal ke ci babu isasshiyar iska, nan take fita: murhun injin matsar mai, gidan burodi, maƙera, garejin da aka bar mota tana ƙugi ƙofa rufe.

Ga yadda take kisa. Cikin jini akwai abin da ke ɗauko iskar oksijin daga huhu ya kai wa jiki. Gubar nan ta fi oksijin manne masa fiye da sau 200, sai ta tare wurin. Mutum na numfashi, amma ƙwaƙwalwa da zuciya na yunwar iska. Tun 1857 Claude Bernard na Faransa ya bayyana haka. A ramukan kwal na Ingila har ɗan tsuntsu kanari ake shiga da shi, don shi ke fara faɗuwa. Sai 1986 aka sauya shi da na'ura. To, wane mai izin zai ce bai sani ba?

Farkonta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Mu kuwa sai mu ce masassara ce, a sha magani a koma aiki. Ku lura: in mutum uku huɗu na ɗaki guda suka yi ciwon kai tare, suka ji sauƙi da fita waje, ba sauro ba ne. Lokacin ɗari abin ya fi muni, don ana toshe tagogi.

Wanda ya faɗi, a buɗe ƙofofi, a kashe injin, a fid da shi fili, a kai shi likita a ba shi oksijin. Kada a ɗura masa madara. Ba ta maganin gubar nan. Ƙyallen rufe hanci ma bai tare ta.

Kowane reshe ya karanta takardar nan a taron mako. Wakilan sandika su nemi abu uku wurin mai izin: mafitar hayaƙi, injin wuta a waje, da na'urar da ke ƙara in gubar ta taru. Wanda ya ƙi, a kai maganar gaban mai duba aiki, a rubuce.