A Ba Mu Ɗakin Natsuwa a Makarantarmu



Duk mun san yadda aji yake idan an dawo daga tara. Ana jan benci, ana buga ƙarfe, kowa na magana, ga zafin rufin kwano. Yawancinmu mun saba, ba ma ko kula. Amma a cikinmu akwai waɗanda wannan hayaniya take yi wa ciwo sosai. Za ka ga ɗalibi ya toshe kunnuwa, ko ya kifa kai a kan tebur, ko ya fice da gudu. Sai a ce masa mai taurin kai, wani lokaci har bulala ta biyo baya.

Malamin kimiyya ya koya mana cewa ido da kunne da hanci da harshe da fata suna aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta tace su. A wajen wasu yara, tacewar ba ta tafiya daidai. Ƙaramar ƙara sai ta zame musu kamar tsawa, hasken fitila ya soki idonsu, wuyan riga ya dame su kamar ƙaiƙayi. Wasu kuma jikinsu motsi yake nema, shi ya sa ba sa iya zama wuri ɗaya. Ana yawan ganin haka ga masu galahanga, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara. Amma ba su kaɗai ba ne.

Shi ya sa muke roƙon a ware mana ɗaki guda, mu kira shi ɗakin natsuwa. Ba mu muka fara wannan tunani ba. Tun a shekarun 1970 wasu ma'aikata biyu a ƙasar Holan, Jan Hulsegge da Ad Verheul, suka shirya irin wannan ɗaki don masu buƙata ta musamman, suka sa masa suna Snoezelen. Nasu yana da fitilu masu launi da kayan zamani. Namu ba sai ya kai haka ba.

Ga yadda muke ganin za a tsara shi. A zaɓi ɗakin da ya fi nisa da filin wasa da wurin buga ƙarfe, kamar tsohon siton da aka tara karyayyun kujeru a ciki. A shafa fenti mai sanyi, shuɗi ko kore mara kauri, kada a cika bango da hotuna. A sa labule mai kauri a taga don rage haske, amma a bar iska tana shiga. A shimfiɗa tabarma da tsohuwar katifa, a rataya barguna a bango, domin kaya masu laushi suna shanye ƙara. A ajiye kwando da auduga da ƙwallon roba da tsakuwa masu santsi don mai son ya riƙa murza wani abu a hannu. A ɗinka ƙaramin matashi a cika shi da yashi, domin wasu suna samun sauƙi idan sun ɗora abu mai ɗan nauyi a cinya. Kada a kunna turare, don ƙamshi ma yana damun wasu. Kafin a sayi komai, a tambayi yaran da iyayensu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mun san za a ce masu gudun darasi za su mayar da shi wurin barci. To, a sa doka: mutum ɗaya ko biyu a lokaci guda, minti goma zuwa sha biyar, da izinin malamar ba da shawara, kuma a rubuta suna. Sannan kada a taɓa tura kowa can don horo. In ya zama wurin hukunci, wanda yake buƙatarsa zai ji kunyar shiga.

Za a kuma ce babu kuɗi, ga ƙarancin azuzuwa. Gaskiya ne. Amma ba sabon gini muke nema ba. Mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun yarda za mu share ɗakin, 'yan ajin ɗinki za su iya yin labule da matashi, ƙungiyar iyaye da malamai ta taimaka da fenti. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma wannan haƙƙi ne. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, har a wajen neman ilimi. Yaron da hayaniya ta kora daga aji, darasi ya wuce shi, ko da sunansa yana cikin rajista.

Muna roƙon shugaban makaranta ya duba wannan magana kafin ƙarshen zangon nan. Mu kuma ɗalibai, daga yau in mun ga ɗan'uwanmu ya toshe kunne, mu rage murya, mu daina yi masa dariya.

Allah Ya ba mu ikon gyarawa, amin.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyu, ƙaramar sakandare