Dawakin Sallah Sun Ishe Mu Haka Nan

'Yan'uwa ɗalibai, kowace shekara masu koyon zane sukan baje mana kolinsu, kowace shekara kuma abu ɗaya muke gani: dawakin hawan sallah, 'yar Fulani da ƙwaryar nono, sai marinar Ƙofar Mata. Hannu kam ya iya. Amma don wa? Don bangon otal da falon manyan ma'aikata.

A shekarar 2020, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mata wajen 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Ciwon ya daɗe. Tun tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, ya nuna cewa matan da ba su je awo ba su mutuwa ta fi ɗauka. Jijjiga, zubar jini, doguwar naƙuda mai barin yarinya da yoyon fitsari: wanne ne ya taɓa hawa bangon baje koli?

A Amurka, Andy Warhol ya ari dabarar masu talla ya buga gwangwanin miya da fuskokin taurari. Keith Haring ya ɗauki wannan salo ya yaƙi shirun da aka yi a kan ƙanjamau, cutar da ta yi ajalinsa a 1990. Kayan bugun kuwa ba su wuce katako da ƙyalle mai raga da tawada ba. Da su ake buga fuskokin 'yan takara a riguna a Kano, hoto ɗaya ya haifi ɗaruruwa kafin la'asar.

Za a ce mana kunya. Mun san Bahaushiya takan ɓoye cikin fari. To, amma kunyar da ke hana a nemo mota sai naƙuda ta kwana biyu, wannan ba tarbiyya ba ce. Ba kuwa sai an tsiraita kowa ba. Tabarma da amalanke da ƙofar asibiti a kulle sun isa hoto. Za a kuma ce fasta ba ta gina asibiti. Haka ne. Ba ta jefa ƙuri'a ma, amma wane ɗan siyasa ne ya daina bugawa?

Wadda ba mu so ita ce fastar da ke yi wa mace kaɗai wa'azi, da Turanci, wai ta je awo. Ta wace hanya, da kuɗin wa, da izinin wa? Tamu mai gida za ta tuhuma, da shugaban ƙaramar hukuma, da boko da ajami.

An sauya sunan ƙaramar hukumar Kunci zuwa Ghari, don a rabu da kalmar ƙunci. Madalla. Sai dai mai naƙuda a ƙauyukanta ba sabon allon sakatariya take jira ba. Muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta rage kuɗin walimar ƙarshen shekara ta sayi katako da tawada, hutu mai zuwa a soma bugu a kasuwar Kunci, a bar ungozomomin garin su zaɓi hoton farko.