Lantarki Da Gaɓar Da Ta Shanye: Ina Aka Kwana?

A cikin watan Disamba na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba kamfanin Onward Medical izinin sayar da wata na'ura mai suna ARC-EX, wadda akan manna wa majinyaci a bayan wuya, ta riƙa aika lantarki zuwa ga laka ba tare da an tsaga fata ba. An gwada ta a kan mutum 60 waɗanda raunin laka ya raunana musu hannuwa, kashi 72 cikin ɗari suka sami ƙarin ƙarfi da amfanin hannu.

To, jama'a, kafin a yi guɗa, ya kamata a san mafarin al'amarin. Tun 1791 Galvani, mutumin Italiya, ya nuna cewa ƙafar mataccen kwaɗo takan motsa in lantarki ya taɓa jijiyarta. A 1961 wani likita a Amurka, Liberson, da abokan aikinsa suka ƙera wata 'yar na'ura domin masu shanyewar ɓarin jiki da ke jan ƙafa: da zarar diddige ya bar ƙasa, sai lantarki ya zaburi jijiyar ƙwauri, tafin ƙafa ya ɗaga.

Babbar matsalar da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya ita ce gajiya. Gama ƙwaƙwalwa, in za ta motsa tsoka, takan fara da ƙananan zaruruwa masu jimiri, tana kuma raba musu aiki bi da bi. Lantarkin na'ura kuwa yakan tsunkuli zaruruwan nan ɗaya gaba ɗaya, a kai a kai, har tsokar ta sare tun ba a je ko'ina ba. Saboda haka aka koma jera ƙananan faifai da dama a kan fata maimakon babba guda, ana ba su wuta ɗaya bayan ɗaya, don wani sashe ya huta yayin da wani ke aiki.

A birnin Lozan na Suwizalan kuwa, Courtine da likita Jocelyne Bloch sun dasa faifan a kan laka kanta. A 2018 mutum 3 suka taka da taimakonsa. A 2023 kuma wani mutumin Holan, Gert-Jan Oskam, wanda haɗari ya shanye wa ƙafafu tun 2011, ya yi tafiya bayan an sa masa na'ura mai ɗaukar niyyarsa daga ƙwaƙwalwa ta miƙa wa laka.

Amma fa a lura, lantarki ba ya ɗinke lakar da ta tsinke, sauran jijiyoyin da suka tsira yake farkarwa. Su ma mutum 60 ɗin nan sai da suka yi wata 2 suna motsa jiki a hannun masu gashin ƙashi, sa'an nan aka ƙara musu wata 2 tare da na'urar. Watau na'ura ba ta ɗauke wa majinyaci wahalar motsa jiki.

Don haka wanda ke da mai jinya a gida kada ya ruɗu da 'yan na'urorin tausa na kasuwa har ya daina kai shi asibiti. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kuwa, kada a sa masa lantarki sai da yardar likita. Abin da ya rage a sa wa ido shi ne sauƙin kuɗin na'urorin nan da yawan ma'aikatan da aka horar a kansu, gama in babu waɗannan biyu, talaka sai dai ya ji labari. Su kuma majinyata, Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka.