RAMAR DA BA TA YUNWA BA CE

Jama'a, a wannan mako muna so mu jawo hankalinku ga wani al'amari wanda ke cin magidanta da iyayen gida a ɓoye, ba kuwa a cika yin maganarsa ba sai ran da aka taru zaman makoki. Al'amarin shi ne mutum ya ba shekara 40 ko 50 baya, ya kama ramewa haka kawai, ba azumi ya ke yi ba, ba daga jinya ya tashi ba, bai kuwa rage cin abinci da gangan ba. Zariyar wando ta yi ta ƙara tsawo, zobe ya riƙa zamewa daga yatsa, zanen da a da ke kama ƙugu sosai yanzu sai an ƙara naɗi. In an gamu da shi a hanya a ce, “Malam, lafiya kuwa?” Shi kuma ya ce, “Lafiya lau, wahalar zamani ce.” Daga nan magana ta ƙare.

To, lalle wahalar zamani gaskiya ce, ba mu kuwa da niyyar wanke waɗanda suka jawo ta. Tun daga watan Mayu na 2023 da aka janye tallafin mai, farashin abinci ya yi ta hawa, har hukumar ƙididdiga ta gwamnati da bakinta ta ce a tsakiyar 2024 tsadarsa ta haura kashi 40 cikin 100 bisa ta shekarar da ta gabata. Gidaje da yawa sun koma ci sau biyu, waɗansu sau ɗaya. Amma fa ga inda hatsarin ya ke: in kowa ya rame a unguwa, mai cuta sai ya ɓace cikin masu yunwa. Ramar yunwa tana da dalili, tana kuwa da magani, watau abinci. Ramar cuta ita ce wadda ko an cika wa mutum akushi ba ta tsayawa. Wajibi ne kowane magidanci da kowace uwargida su iya rarrabe su biyun.

Likitoci sun yi wa abin iyaka, ba wuyar ganewa gare ta ba. Sun ce in mutum ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 6 zuwa 12 ba da nufinsa ba, to, a bincika shi. Watau mai kilo 60 in ya rasa kilo 3, ko mai kilo 80 in ya rasa kilo 4. Wani zai ce ai wannan ba wani abu ba ne. Amma a tuna, a irin waɗannan shekaru yawancin mutane ƙaruwa su ke yi, tumbi ke fitowa, mata ma sa'ad da haila ta ɗauke ƙiba suka fi yi. Saboda haka wanda jikinsa ya bi ta baya a wannan lokaci, bai kamata a ce tsufa ne ba. Manomi ya kan zube da damina ya mayar da kaka, mai azumi ya kan mayar da jikinsa bayan salla. Wanda kaka ta wuce, salla ta wuce, bai mayar ba, shi mu ke magana a kansa.

Mene ne ke kawo irin wannan rama? Bari mu kawo manyan dalilai, domin mai karatu ya gane ba abu guda ba ne.

Na farko ciwon suga. Abincin da mutum ya ci ya kan zama suga cikin jini, akwai kuwa wani ruwa da jiki ke yi, a na kiransa insulin, shi ke shigar da sugan nan cikin tsoka don ya zama ƙarfi. In ya yi ƙaranci ko ya daina aiki sosai, sai suga ya taru a jini, ƙoda ta riƙa zubar da shi cikin fitsari. Ka ga mutum yana ci, abincin yana fita ta fitsari, jiki kuwa ya koma cin kitsensa da namansa. Alamarsa ƙishirwa wadda ba ta yankewa, da yawan tashi fitsari da dare, da gajiya, da miki mai wuyar warkewa, wani lokaci har tururuwa ta taru inda ya yi fitsari. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a auna. In da safe ne, ba a ci komai ba, lamba ta kai 126, ko 7 a irin na'urar da ke lissafi da ƙananan lambobi, aka kuwa sake awo aka sami haka, to, ciwon ya tabbata. Tun 1921 aka gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, a 1922 aka fara yi wa mutum allurarsa. Abin kunya ne a ce bayan shekara ɗari har yanzu a na yanke ƙafar talaka saboda ba a auna shi da wuri ba.

Na biyu tarin fuka. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin rahotonta na 2023, ta sa Nijeriya ta farko a Afirka, ta shida a duniya, wajen yawan masu kamuwa da shi. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda wani likitan Jamus, Robert Koch, ya bayyana a 1882, tana kuwa bin iska daga mai tari zuwa wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi. Alamarsa tarin da ya kai mako 2 bai tafi ba, da zazzaɓin yamma, da gumin dare har shimfiɗa ta jiƙe, da rama. A na auna kaki, akwai ma na'urar da a ke kira GeneXpert mai ba da amsa cikin kamar awa 2. Maganinsa na wata 6 ne, kyauta ne kuma a cibiyoyin da aka keɓe. Amma wanda ya sha na wata 2 ya ji ƙarfi ya watsar, ya jawo wa kansa da iyalinsa tarin da ba ya jin magani.

Na uku ƙanjamau, wanda sunansa ma daga ƙanjamewa aka samo shi. Wannan suna ya kashe mutane da yawa waɗanda ba su ma da cutar, gama tsoron kada a ce ita ce ya hana su zuwa asibiti, har abin da ke damunsu na ainihi ya ƙarasa su. A sani yau awon bai wuce minti 20 ba, maganin kyauta a ke ba da shi a asibitocin gwamnati, mai shan sa kullum kuwa ya kan mayar da jikinsa, ya yi sana'arsa, ya aurar da 'ya'yansa.

Na huɗu akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya, wadda in ta kumbura mu ke ce maƙoƙo. Ita ke daidaita saurin da jiki ke ƙona abinci. In ta yi aiki fiye da kima, sai mutum ya riƙa ci kamar gara yana ramewa, gabansa na faɗuwa, hannu na rawa, ga gumi, ga rashin barci, ga saurin fushi. Ta fi kama mata, sau da yawa kuwa a kan ce iska ce ko kishi. Awon jini ke nuna ta, tana kuma da magani.

Na biyar ciwon daji, na ciki ko hanji ko hanta ko huhu ko mama ko mahaifa. Ba za mu ɓoye muku ba, wani lokaci rama ce alamarsa ta fari, tun kafin a ji ciwo ko'ina. Amma a kwantar da hankali, yawancin waɗanda aka bincika saboda rama ba daji a ke samu ba. Wanda aka samu kuwa, tazarar da ke tsakanin zuwa da wuri da zuwa a makare ita ce tazarar da ke tsakanin aiki da warkewa, da kuma “ku koma da shi gida.” Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Bayan waɗannan akwai ciwon ƙoda, da na zuciya, da gyambon ciki, da ruɓaɓɓen haƙori mai hana tauna, da waɗansu magunguna masu kashe sha'awar abinci. Akwai kuma ciwon damuwa, wanda kan kama mutum bayan rasuwa ko karayar arziki ko mutuwar aure, abinci ya fita daga ransa, barci ya ƙaurace masa. Shi ma ciwo ne, likita na da abin da zai yi a kansa.

Yaushe za a tafi? In ramar ta kai iyakar da muka faɗa, a tafi cikin makon nan, ko da ba a jin ciwon komai. Kada ma a jira ta kai iyakar in tana tare da ɗaya daga cikin waɗannan: jini cikin bayan gida ko kashi baƙi kamar kwalta, tarin jini, abinci ya riƙa tsayawa a maƙogwaro, amai mai yawan dawowa, ido ya yi rawaya, ƙullutu a mama ko wuya ko hammata, gudawa ko taurin ciki na makonni, zazzaɓin da ya ƙi jin maganin sauro, ko mace ta ga jini bayan haila ta daɗe da ɗaukewa. In an je, a faɗa wa likita kai tsaye, “Ramewa na ke yi,” a faɗi tun yaushe, a tafi da kwalayen duk magungunan da a ke sha, har na gargajiya. In awon farko bai nuna komai ba, haka ta kan faru, sai a koma bayan 'yan watanni a sake hawa sikeli.

Akwai abu biyu da mu ke roƙon jama'a su bari. Na ɗaya, sunayen nan da mu ke lulluɓe kowace cuta da su. Mai zubar da jini a ce basir ne, mai rawayan ido a ce shawara ce, wanda aka rasa abin faɗa a kansa a ce sammu ne ko maita, a ɗora wa kishiya ko maƙwabci. A yi ta jiƙe-jiƙe wata 6, a sayar da akuya, a sayar da gona, sa'an nan a kinkimo mutum zuwa asibiti ba ya ko iya zama. Ba wanda ya hana addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Na biyu, ƙwayoyin ƙiba da a ke sayarwa a kemis da tasha, waɗanda a ke yi wa laƙabi da sha-ka-fashe. Da yawansu deksametazon ne, magani mai ƙarfi wanda ba a sha sai da umurnin likita. Yana kumbura fuska da ciki da ruwa da kitse, sai a ga kamar mutum ya murmure, alhali yana ta da suga, yana ta da hawan jini, yana kuma karya garkuwar jiki. A ba mai ciwon suga ko mai tarin fuka wannan ƙwaya, daidai ya ke da zuba kananzir a gobara. Wanda ya daɗe yana sha kuwa, kada ya yanke rana ɗaya, ya je likita ya rage masa sannu sannu.

Yanzu kuma sai mahukunta. Da sauƙi a ce wa talaka “je ka ga likita,” amma da me zai je? A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da a ke kashewa kan lafiya daga aljihun majinyata ya ke fita. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. A gidanmu aka yi alkawarin, amma kasafin Gwamnatin Tarayya bai taɓa kai wa nan ba, yawancin shekaru ko rabi bai kai ba. Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da ƙananan asibitoci da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, dokar 2022 kuma ta ce inshorar lafiya tilas ce ga kowa. To, mutumin ƙauye yana tambaya, ina rabonsa?

Ba babban abu mu ke nema ba. Muna so kowane ƙaramin asibiti na unguwa da na ƙauye ya kasance da sikelin manya mai aiki, da na'urar awon suga tare da tsinkayenta, da kayan awon ƙanjamau, da hanyar aika kaki inda za a auna. Muna so duk wanda ya haura shekara 40 ya zo asibiti, ko don ciwon kai ne, a ɗora shi kan sikeli a rubuta a katinsa, yadda a ke yi wa jarirai da masu ciki. Kuɗin wannan duka a ƙaramar hukuma bai kai na motocin da a ke saya wa manya ba.

Kafin su farka, 'yan'uwa, kowa ya tsaya wa kansa. A hau sikeli sau ɗaya a wata, sikeli guda, da safe, a rubuta lambar a bayan kalanda. Uwargida ta lura da maigida, maigida ya lura da ita, 'ya'ya su lura da iyaye, gama mai ramewa shi ne na ƙarshen ganin ramarsa. Wanda kuwa ya ga ɗan'uwansa na zubewa, maimakon ya kai zancen majalisa, ya kama hannunsa ya raka shi asibiti, in da hali ya biya masa kuɗin kati. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.