“Ai Turawa ma suna kashewa”: hujjar da ya kamata mu daina faɗa a gaban yara

Duk shekara idan Satumba ta kama, lokacin da mu muke jiran hatsi ya nuna, wayoyin yaranmu sukan cika da wani irin bidiyo daga duwatsun yammacin Amurka. Mutum ne sanye da tufafi masu launin ganye, riƙe da kwari da baka, ya laɓe bayan itace. Sai ga wata ƙatuwar dabba mai ƙahoni kamar rassan gawo ta fito tana kururuwa, ya sakar mata kibiya. Sunan dabbar elk, dangin barewa ce, amma bijiminta yakan haura kilo 300. Bidiyon bai dame ni ba. Abin da ya dame ni sharhin da manya suke yi a kansa, yara na saurare: “Ku duba, su suna harbin nasu suna ɗaukar hoto, mu kuma an hana mu taɓa ko gada. Wannan ai rainin hankali ne.” Na ji wannan daga bakin iyaye, na ji daga bakin malaman makaranta, kuma ina ganin maganar banza ce mai tsada, don yaron da ya haddace ta shi ne gobe zai riƙe fitila wa mai bin barewa da mota cikin dare.

Bari mu fara da abin da bidiyon minti biyu ba ya nunawa. Satumba ce lokacin barbarar elk. Bijimi yakan tara mata, ya riƙa yin wani kuka mai kama da busar algaita don ya kori abokan hamayya. Maharbi yakan kwaikwayi wannan kuka, ko kukan mace, don ya jawo bijimin kusa, kamar yadda maharbanmu suke ɗaura kan burtu su shiga cikin dabbobi. Da baka, sai dabbar ta zo kusan taki talatin ko arba'in kafin a iya harbi, kuma hancin elk ba ya yafiya: da safe iska tana gangarowa daga tudu, rana na ɗagawa ta juya sama, wanda bai lura ba warinsa ya riga shi isa. Ana yin wannan a tudun da ya kai mita 3,000, inda numfashi ke wuya. Mafi yawan masu baka suna gama watan su koma gida hannu rabbana. A dazuzzukan da dokar 1964 ta keɓe, ba mota, ba babur, ko keke ba a shiga da shi. Wanda ya yi sa'a ya kashe, to aiki ya fara: ya feɗe nan take tun zafin rana bai lalata naman ba, ya ɗauko shi a baya ko a kan doki, sawu uku ko huɗu, tafiyar kilomita da yawa. Idan ya yanke ƙahoni ya bar nama ya ruɓe, laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Kuma ba shi da izinin sayar da ko tsoka ɗaya.

Kafin ma ya taka dajin, sai ya sayi takardar izini, wadda ta faɗi yankin da zai shiga, kwanakin da zai yi, makamin da zai riƙe, da ko namiji zai harba ko mace. Dabba ɗaya. A yankuna da yawa na jihar Kolorado, bijimin da ƙahonsa bai yi reshe huɗu a gefe ɗaya ba, ba a taɓa shi. A wuraren da suka fi kyau, ƙuri'a ake jefawa, mutum ya shekara goma yana nema bai samu ba. Kuma a wannan jiha, duk wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau sai ya yi darasin farauta ya ci jarrabawa kafin a sayar masa da takardar. Malamai, ku lura da wannan: aji ake shiga kafin a shiga daji.

Me ya kai su ga wannan tsanani? Ba tausayi ba ne, wuya suka sha. Ana ƙiyasin elk sun kai miliyan goma kafin zuwan Turawa ƙasar. Zuwa wajen 1900 ba su kai dubu ɗari ba. An karkashe su don fata, don naman sayarwa a garuruwan haƙar ma'adinai, har don haƙora biyu da ake yin ado da su, a bar sauran gawar ga ungulu. Irin elk na gabashin ƙasar ya ƙare ƙaf. A Kolorado, wajen 1910, waɗanda suka rage ba su wuce dubu ɗaya ba, sai da aka rufe farautarsu fiye da shekara ashirin, aka kuma kawo wasu daga Wayomin. Wato duk ɓarnar da muke yi yau, sun riga mu yin ta, har sun fi mu.

Ga inda hanyarmu ta rabu da tasu. A 1900 suka yi dokar da ta hana safarar naman dawa na sata daga jiha zuwa jiha. A 1937 suka yi dokar Pittman-Robertson, wadda ta ware harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsasai, daga baya aka haɗa da kwari da baka, kuɗin kuma na kula da namun daji ne. Akwai wani sharaɗi a cikinta da nake so kowane uba ya ji: jihar da take son kasonta dole ta yi doka cewa kuɗin takardun farauta ba za a karkatar da su zuwa wani aiki ba. Gwamna ba zai ɗauka ya biya wata buƙatarsa ba. Da kuɗin ake ɗaukar masu gadin daji, ake hawa jirgi mai saukar ungulu lokacin sanyi a ƙidaya garke, a san maruƙa nawa suka tsira, sannan a yanke yawan takardun baɗi. Yau elk sun kai kusan miliyan ɗaya a nahiyar, Kolorado kaɗai tana da fiye da 250,000. Jihar Kentaki, da ta shekara fiye da ɗari ba ta da ko ɗaya, ta kawo kimanin 1,500 tsakanin 1997 da 2002, yanzu har farautarsu ake yi.

Ba na cewa tsarin nan tsarkakakke ne. Duwatsun da ake wannan farauta ƙasar ƴan asalin Amurka ce da aka ƙwace da bakin bindiga. Takardar baƙo daga wata jiha tana cin ɗaruruwan daloli, talaka ba ya kusantarta. Bautar ƙaho da wasunsu suke yi, a auna shi da awo a rataye a ɗaki, ni ma tana ba ni ƙyama. Kuma kibiya takan kuskure, dabba ta tafi da rauni ta mutu inda ba a gani. Duk wannan gaskiya ne. Amma ba ɗaya daga cikinsu da ya ba mu hujjar da muke nema, don hujjar tana cewa ne tunda su suna kashewa mu ma a bar mu. Su suna yanka ribar garken da suka ƙidaya. Mu uwar kuɗi muke ci, ba tare da mun san nawa ta rage ba.

To nawa ta rage? Mariri, da kakanninmu suka sani garke-garke a arewacin Damargu, an bayyana a 2000 cewa ya ƙare a daji, sai da aka dawo da shi Cadi daga gidajen kiwo a 2016. A wannan shekarar ta 2016, masu binciken da suka karaɗe yankin Termit da Tin Tumma suna neman farar dabbar hamada da ake kira adaks, uku kacal suka gani. Ba maharbi mai kwari da baka ya yi wannan ba. Motoci ne masu ƙafa huɗu, da bindigogin yaƙi, da manyan baƙi waɗanda ba wanda yake iya tambayarsu takarda. Muna da doka, ta 98-07 ta shekarar 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji. Ku tambayi ɗalibanku na aji na ƙarshe ko akwai wanda ya taɓa jin labarinta. Abin haushin shi ne mun san yadda ake yi idan mun so: raƙuman dawa na Kure sun ragu zuwa kusan hamsin a 1996, aka tsare su, ana ƙidaya su duk shekara, sun haura ɗari shida, har a 2018 aka kai takwas Gadabeji a jihar Maraɗi.

Akwai kuma wasu malamai da suke can ɗaya gefen, waɗanda da sun zo darasin muhalli sai su ce farauta duka zalunci ce, maharbi mugu ne. Su ma ban yarda da su ba, kuma yara ba sa yarda. Yaron da kakansa maharbi ne, wanda ya ga ana girmama sarkin baka a garinsu, ba za ka ce masa kakansa mai laifi ne ya saurare ka ba. Zai rubuta maka abin da kake so a jarrabawa, ya fita ya ɗana tarkonsa. Alhali tunanin rufe daji da buɗe shi namu ne tun kafin a ji sunan Kolorado. Mece ce buɗin daji da ake yi a Masalata kusa da Ƙonni, in ba shaidar cewa akwai lokacin da daji yake a rufe ba?

Saboda haka idan ɗanka ya miƙo maka wayar, kada ka karɓa da tsaki, kada kuma ka ce a share. Ka tambaye shi wa ya ƙidaya dabbobin nan kafin a ba mutumin izini, da kuɗin wa, kuma me zai same shi in ya harbi na biyu. Malamin lissafi yana da darasi a nan: garke mai mata ɗari, kaza suka haihu, kaza suka tsira daga sanyi, nawa za a iya cirewa baɗi ba tare da garken ya ragu ba? Malamin tarihi ya aiki yara gida su rubuto daga bakin tsofaffi sunan kowace dabba da ake gani a dajin garinsu lokacin Diori Hamani, a jera a allo, a ja layi a kan wadda wani a ajin ya taɓa gani da idonsa. Sannan a gayyato sarkin baka da ma'aikacin gandun daji rana ɗaya, a zaunar da su a gaban allon.