Filin Makiyaya: Kukan Ƙafar Rijiya

Rijiyoyin ƙasar Dakwaro suna da zurfi. Da rani, sa ba shi da ƙarfin ɓarna. In ƙafar iccen da igiya ke bi tana kuka, sandar tsakiyarta ta bushe.

Ga lissafi. Wasaki mai lita 50, kilo 50 ne. Ruwa na ja ƙasa, sa na ja gaba, sai sanda ta ɗauki kamar kilo 70. In ta bushe, cizonta ya kai kusan kilo 30. Faɗin sanda santimita 4, na ƙafa 20, ninki biyar ke nan. A raba 30 gida biyar: sa na jan ƙarin kilo 6 a banza, kowane wasaki.

In makiyayi ya goge rairayi ya shafa kitse, ƙarin ya koma kamar kilo 2.